Bakin da Ya Kasa Cewa "Ni Ce"

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu da rai yau. Iyayena mata da ke nan gaba, iyayena maza, da ku matasa da kuka cinye bencin da ke ƙarƙashin fanka, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ku ce amin da ƙarfi mana, zafin Tamale bai kai ya hana baki buɗewa ba!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rahila. A unguwar Sabonjida aka haife ni, yanzu muna zaune a Kalpohin da mijina Atinga, ga shi can yana sunkuyar da kai, da 'yarmu Alheri. Fasto ya ce in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, Fasto, amma na daɗe ina haɗiye maganar nan, ka yi mini haƙuri idan ta fito da yawa.

Na karanta ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a makaranta ake kira saikoloji. A unguwa kuwa babu wanda ya wahalar da bakinsa da wannan suna. Masu kirki su ce "likitan tunani", masu tsokana su ce "likitan mahaukata". Da na gama digiri na biyu na dawo gida, na sami aiki a wani ƙaramin asibiti, inda nake ganin mata masu jego.

A can na ga abin da ya hana ni sakat. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci an sha, kowa ya watse. Ita kuma ta zauna a ɗaki tana kallon bango, jariri na tsala kuka a gefenta, ba ta ma ji. In ka tambaye ta, ta ce, "Tunani ne ya yi yawa." Dangi su ce lalaci ne, wasu su ce iska ce.

Sai na fara hawa moto, wato babur, bayan an tashi aiki ina bin su gida gida, Bulpiela, Sabonjida, har bayan gari. Na zauna na tsara tambayoyi da Hausa da Dagbanci, irin waɗanda mace za ta iya amsawa ko da surukarta na zaune a bakin ƙofa tana kasa kunne. Daga baya na roƙi wata baranda a Bulpiela, muka fara zama kowace Alhamis, Musulmi da Kirista, kowa da jaririnta a cinya. Babu wanda ya aike ni, babu wata ƙungiya a bayana. Ni da motona ne, da tabarma biyu.

Amma na kai inda ilimina ya tsaya. Akwai matan da na zauna gabansu na rasa abin da zan ce. Shi ya sa na sa a raina zan nemi digiri na uku a ƙasar waje, in koyi abin da ban sani ba, in dawo.

'Yan'uwa, wanda bai taɓa neman wannan abu ba, Allah ya hutar da shi! Sai ka nemo farfesan da aikinsa ya yi kama da naka, ka rubuta masa, ya amsa ko ya yi shiru. Ka rubuta jarrabawar Turanci, kai da ka yi karatu da Turanci tun firamare. Ka bi tsofaffin malamanka da roƙo su rubuta maka shaida. Sannan ka rubuta bayanin kanka, wane ne kai, me ka yi, me kake so ka bincika. Ka tura kafin Kirsimeti. Daga nan ka zauna jira.

Jiran nan ne ya kusa gamawa da ni.

Shekarar farko na tura Kanada, na tura Amurka, na tura Ingila. Duk suka ce a'a, kowa da ladabinsa, kowa yana baƙin cikin sanar da ni. Na ce ba komai, na farko ne. Shekara ta biyu na ƙara yawan makarantun, na gyara Turancina ya zama sumul. Suka sake cewa a'a. Ko ganawa babu wanda ya kira ni.

Ku da kuke mawaƙa tare da ni, kun san yadda na koma. Ana tsakiyar waƙa hannuna na cikin jaka yana laluben waya. Na ƙona miya ban san iyaka ba. Na fi sanin ƙarfe nawa ne a Kanada fiye da lokacin tashin makarantar 'yata. Ban iya zama wuri ɗaya, in na zauna ƙafata na rawa, in na tashi ban san abin da na tashi yi ba. Barci ya ƙi ni, abinci ya ƙi ni. Ni da nake gaya wa mata su ja numfashi a hankali, nawa numfashin a wuya yake tsayawa.

Na zargi kowa. Na ce fasfo ɗin Gana ne. Na ce sunana ne. Na ce akwai wani a dangin babana da ya ɗaure mini hanya. Duk inda aka ce ana addu'a mai zafi a garin nan, kun gan ni a can. Har man zaitun na shafa wa kwamfuta, madannai biyu suka daina aiki. Ku yi dariya, ni ma yanzu dariya nake yi, amma a lokacin da hawaye na shafa shi.

Wata rana na shigo gida na tarar da Alheri zaune a kan kujerata, ta riƙe silifa a hannu tana shafa shi da yatsa. Ta ja dogon tsaki ta ce, "Ba su amsa ba." Ta ajiye, ta sake ɗauka. Wasan uwa take yi, kuma abin da ta san uwa na yi ke nan.

Ranar Atinga ya zaunar da ni. Kun san shi mutumin Bolga ne, kun kuma san Hausarsu, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsu. Ya ce, "Rahila, zauna. Alheri ya ce mini Mama ba ya ji in an yi mishi magana. Yarinya ya faɗi gaskiya. Kina nan, amma ba ki nan kuraa, ko kaɗan. Wannan shekara ki gwada, na yarda, zan riƙe gida. In bai yi ba, mu bar shi. Ina son matana ya dawo."

Ban yi musu ba, domin bai faɗi ƙarya ba. Na ɗaga hannu na yi masa alkawari, na uku shi ne na ƙarshe. In an sake hana ni, zan rufe kwamfutar, ba zan ƙara ambaton zancen ba har abada.

Na tura. Na koma jira, wannan karon da wuta a cikina, domin na san babu wata shekarar.

Bayan sabuwar shekara sai ga saƙo daga wata jami'a a Kanada. Wata farfesa tana so mu gana ta bidiyo. Haleluya! Na yi tsalle har na buge ƙafa da turmi. Na roƙi Fasto ofishinsa, saboda nan ne netwok ba ya wasa da mutum. Na sa rigata mai kyau, na zauna da rana tsaka ina zufa.

Matar ta fito, dattijuwa mai farin gashi da tabarau, fuskarta a sake. Muka gaisa, gaisuwarsu ta Turawa da ba ta da tsawo. Ta tambaye ni abubuwa na amsa. Har na fara jin daɗi. Sai ta cire tabarau ta ce, "Rahila, aikin nan da mata masu jego ya burge ni ƙwarai. Amma ko'ina a bayaninki kin rubuta 'mun je', 'mun tsara', 'mun gano'. Ina so in sani, a cikin wannan 'mu', me ke kika yi da hannunki?"

Na yi murmushi na ce, "Mun gode Allah, Madam, dukanmu muka yi."

Ta ce, "Na gane. To wa ya jagoranci aikin? Ko za ki ba ni sunansa in tuntuɓe shi?"

'Yan'uwa, amsar tana nan a kan harshena. Kalma biyu ce. Na buɗe baki, ta ƙi fita. Na sunkuyar da kai, na yi 'yar dariya irin ta kunya, na ce, "Aikin haɗin gwiwa ne, Madam."

Ta rubuta wani abu. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Mutum ɗaya za mu ɗauka, ba tawaga ba. Mako mai zuwa za ki gana da abokin aikina, shi ne zai yanke hukunci tare da ni. Ki yi tunani a kan tambayata."

Aka kashe bidiyo. Na zauna a kujerar Fasto ina kallon fuskata a baƙin gilashi.

Ku kun san daga inda wannan abu ya fito. A nan in ka tambayi mutum ɗaya yadda ya kwana, zai ce, "Mun kwana lafiya." Ka ba mutum ɗaya ruwa, ya sha shi kaɗai, ya ce, "Mun gode." Haka muka tashi. Turanci na rubuta, amma da bakin Sabonjida na rubuta shi. Su kuma can, da suka karanta "mu", sai suka ga wata tawaga ta manyan masu bincike, da wata yarinya a baya tana riƙe musu jaka. Malamaina da suka rubuta mini shaida a aji kawai suka san ni, ba su taɓa ganin barandar Bulpiela ba. Babu wanda ya gaya mini ko wannan ne ya kayar da ni a shekarun baya, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na sani ba. Amma ranar na gane cewa da hannuna na goge kaina daga aikina.

Nawa kuma ya wuce na kowa. Ina aji uku a firamare na zo na ɗaya. Na rugo gida, na tarar da Mma, mahaifiyata, tana zuba wa mutane koko a ƙofar gida. Na ƙwala ihu, "Mma, ni na zo na ɗaya! Ni!" Ba ta ma ajiye ludayi ba, da ɗaya hannun ta make mini baki a gaban kowa. Ta ce, "A gidan nan ba a cewa ni." Tun daga ranar bakina ya koyi darasinsa.

To, mako ɗaya gare ni in warware abin da aka ɗaure tun ina aji uku. Na ce ai abu mai sauƙi ne. Ina kan moto, hula a kai, babu mai ji na, sai in gwada, "Ni na yi. Ni na fara." Ina faɗa sai gabana ya faɗi. Ba kunya kaɗai ba ce, tsoro ne, tsoro na gaske, kamar in na faɗa wani abu zai sami Alheri. Na tsaya a gefen titi sau biyu ina kiran makarantarsu in ji ko tana lafiya. Mace mai digiri biyu a ilimin tunani!

Haushi ya kama ni. Na tafi Sabonjida da sassafe, na sami Mma a bakin tukunyarta. Abin da zan faɗa yanzu ta ba ni izini in faɗa, shi ya sa ma ta ƙi zuwa sujada yau.

Na jira masu saye suka ragu. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na zazzage mata komai. Na ce, "Mma, kin rufe mini baki, ga shi yanzu zai rufe mini hanya. Me na yi miki ranar nan? Laifi ne yaro ya yi murna?"

Ta ci gaba da juya koko. Can ta ce, "Kin san Dauda."

Na sani. Yayana ne, ɗanta na fari, ya rasu kafin a haife ni. Ba a zancensa a gidanmu.

Ta ce, "Ranar da ya fara tafiya, na ɗaga shi sama a tsakar gida, mata cike, na ce, 'Ku duba abin da ni na haifa!' Ni na ce, da bakin nan. Bai ga Kirsimeti ba. Ƙyanda ta ɗauke shi." Ta goge hannu a zane. "Ban hana ki zuwa ƙasar Turawa ba, Rahila. Ki je. Amma ki je da bakinki a rufe. Rashin ɗaya ya ishe ni."

Wayyo, 'yan'uwa! Na san ƙyanda ce ta kashe Dauda, ba kalma ba. Na karanta, zan iya yi mata bayani har rana ta faɗi. Amma na kalli fuskarta, sai na ga fuskar da nake gani kowace Alhamis. Ina bin matan gari gida gida, ashe ta farkonsu ita ta goya ni. Shekaru sama da talatin tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana sayar da koko tana dariya da mutane. Na taya ta wanke kofuna na tafi.

Na fita daga wurinta na fi shigowata rikicewa. In na ce "ni", na taka ciwon uwata. In ban ce ba, na rufe kwamfutar har abada, yadda na yi wa mijina alkawari. Kwanakin nan ban san yadda na wuce su ba. Na share ɗaki ɗaya sau uku. Na fita sayen gishiri na dawo da sabulu. Atinga yana kallona, sai ya ɗauki Alheri su fita yawo.

Ana gobe ganawa ta biyu, na zo nan da azahar in gwada netwok. Babu kowa a majami'a. Na gama gwaji, na kasa tafiya gida. Na zo daidai wurin nan, gaban bencin farko, na durƙusa. Na fara addu'a yadda na saba.

"Ubangiji, mun gaji. Mun yi azumi, mun roƙa, mun jira. Ka dube mu, ka ji tausayinmu."

Ban ji murya da kunnena ba, kada wani ya fita ya ce Rahila ta ji murya. Amma tambaya ta faɗo cikin zuciyata, a fili, kamar wani ya dafa kafaɗata: "Ke da wa?"

Na buɗe ido. Benci ne kawai, da wani ƙadangare a jikin taga yana gyaɗa kai.

Ke da wa!

Ashe har gaban Allah ina ɓuya. Shekara da shekaru ina zuwa wurinsa cikin taro, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Ban taɓa tsayawa gabansa da sunana ba.

Na buɗe baki, ya fito da ƙyar, kamar tari. "Ni ce." Na sake cewa, "Ni ce, Ubangiji, Rahila." Daga nan kuma sai abin ya ɓalle. Na ce, ni nake son karatun nan, ba don matan kaɗai ba, ni ma ina so. Ni nake jin tsoro. Ni nake jin haushinka tun shekarar farko, ina ta waƙa a gabanka da haushin a ciki. Ni na hau moton nan, ni na shiga gidajen nan, kai ka ba ni ƙafa da kunne, amma ni na je. Ga Alheri, ka riƙe ta, ni ba zan iya tsare ta da yin shiru ba. Ga Mma, ni na rasa yadda zan yi da ita.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, da majina da komai. Ban san tsawon lokacin ba. Da na tashi gwiwoyina sun yi tsami, amma ƙafata ta daina rawa. Na ji yunwa, yunwa ta gaske, na tsaya a hanya na sayi wake da shinkafa na cinye tas.

A nan na fahimci abu ɗaya. Na ɗauka in na ce "ni na yi", na sace wa Allah ɗaukakarsa. Amma in ya ba ni aiki na yi, sannan aka tambaya na ce babu wanda ya yi, ai kyautarsa na musanta. Shaida ma da muke bayarwa a nan, ba a bayar da ita da "mu". Sai wanda abin ya faru da shi ya tashi.

Washegari abokin aikin farfesar ya fito, saurayi ne mai saurin magana, sai da na ce ya rage gudu. Bai ɓata lokaci ba, ya ce, "An ce in tambaye ki wa ya jagoranci aikin."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na riƙe gefen teburin Fasto na ce, "Ni ce. Ni na fara shi, ni kaɗai."

Rufin bai faɗo ba! Na ci gaba. Na gaya masa yadda na gane cewa in ka tambayi mai jego ko tana baƙin ciki za ta ce a'a, domin baƙin ciki bayan haihuwa butulci ne ga Allah a wurinta, amma in ka tambaye ta yaushe rabon da ta ji daɗin abinci, sai ta fara magana. Na gaya masa wadda na kasa taimaka wa, har danginta suka mayar da ita ƙauye, na ce wannan ma ni ce, ni na rasa abin yi, shi ya sa nake neman ilimi. Ya daina kallon agogo. A ƙarshe ya tambaya ko akwai wurin da "mu" ɗin gaskiya ne. Na ce akwai, ranar Alhamis, domin can matan ne ke ɗaga junansu, ni tabarma nake shimfiɗawa.

Muna gamawa na hau moto, ban zarce ko'ina ba sai makarantar Alheri. E, na je in duba! Ceto ya zo, amma tsohon tsoro bai gama kwashe kayansa ba. Na leƙa ta katanga, na gan ta da manja a baki tana faɗa da wata a kan alewa. Na jingina da katangar na gode wa Yesu.

Jiran da ya biyo baya ma jira ne, ban zama mala'ika ba. Hannuna ya ci gaba da neman waya. Amma yanzu in ya nema sai in ce, "Ubangiji, ni ce kuma, tsoro ya dawo." In ajiye ta in koma kan miyata.

Kafin Ista, ina tsugune ina wanki, saƙo ya shigo. Na buɗe da hannu mai kumfa. Sun ɗauke ni, da cikakken tallafin karatu! Ku taya ni cewa haleluya! Atinga ya ɗaga ni sama a tsakar gida yana ihu, "Matana ya ci! Matana ya ci!" Maƙwabta suka fito suna tambaya wane namiji ne ya ci.

Da a nan shaidar ta ƙare, da na zauna. Amma saura Alhamis.

Na je Bulpiela na shimfiɗa tabarma, mata suka taru. Na gaya musu. Suka yi guɗa, suka yi mini addu'a, kowa da irin tata. Da guɗar ta lafa, sai Fusena ta yi magana. Fusena ta yi watanni tana zuwa zaman nan ba ta ce uffan ba, sai kallon ƙasa, yanzu kuwa ɗanta har ya fara gudu. Ta ce, "To Madam, in kin tafi, wa zai zauna da mu?"

Tsohon bakina ya yi tsalle zai amsa, "Za mu san yadda za mu yi." Magana mai daɗi, ba ta kama kowa. A nan na ga ɗaya fuskar abin. Muddin "mu" ne ke yin aiki, babu wanda ke tafiya ya bar kowa. Amma na riga na gaya wa Allah da Turawa cewa ni ce. Ba zan zo gaban matan nan in koma taro ba.

Na ce, "Fusena, ni ce zan tafi. Babu wanda ya kore ni, ni na nema, ni nake so. Zan daɗe. Na san na bar ku a tsakiya, ku yafe mini."

Wani jariri ya yi atishawa. Na ji kamar in janye maganar.

Fusena ta gyara mayafinta ta ce, "To. Alhamis mai zuwa ni zan shimfiɗa tabarma. Ke dai ki nuna mini yadda ake fara magana kafin jirginki ya tashi."

Tun daga lokacin ita ke buɗe zama, ni ina gefe. Makon jiya kuma na yi ƙarfin hali na ce wa Mma matan nan masu shayarwa ne, suna bukatar koko, ko za ta kai musu. Ta ce ita ba ta da lokacin zaman surutu. Ta zo. Ta zuba wa kowa, ta zauna a bakin baranda da bokitinta, ba ta shigo kan tabarma ba. Wata tana ba da labarin ɗanta da ya rasu, na ga ludayin Mma ya tsaya. Ba ta ce komai ba har aka tashi. Amma da za ta tafi ta tambayi Fusena, ba ni ba, ko ƙarfe nawa ake farawa.

Fusena ta ja ni gefe ta ce, "Madam, ki bar mini tsohuwar nan. Na san irin shirun."

Zan tafi da damina, in Ubangiji ya yarda. Biza tana hannunsa, Atinga da Alheri za su biyo ni daga baya, wannan ma yana hannunsa. Zan bar uwata a bakin baranda, ba ta buɗe baki ba tukuna, kuma mai yiwuwa ranar da za ta buɗe ba na nan. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai. Ku riƙa tunawa da ita.

Na gode wa Yesu da ya ba ni makaranta. Na fi gode masa da ya tsayar da ni a tsakiyar addu'a ya tambaye ni. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ban san abin da ke hana ka barci ba. Amma yau in ka durƙusa, kada ka tafi da gayya. Ka faɗa masa sunanka, ka faɗa masa abin da kai kake so da abin da kai kake tsoro, ka dogara gare shi. Ba zai make maka baki ba.

Ni Rahila, ni na gani, ni na shaida. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.